Ranar da na yi fitowata da Hausa a ajin wasan kwaikwayo

'YarHindawiyya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai al'amarin da ya tsaya mini a rai tun daren Talata, kuma ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Wata uku ke nan ina zuwa wani ajin koyon wasan kwaikwayo a nan Jidda, sau biyu a mako bayan sallar isha'i, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya a cikin ɗaliban. Tsarin malamarmu shi ne ta raba mu biyu-biyu, ta ba kowane biyu fitowa guda da ba ta wuce minti bakwai ba, mu haddace, mu yi ta gwaji a tsakaninmu har mako biyu, sannan mu fito gaban sauran. Ni da abokiyar wasana an ba mu fitowar uwa da 'yarta. 'Yar ta samu aiki a wani gari mai nisa, ta zo ta shaida wa uwar cewa gobe za ta tafi, ita kuwa uwar tana zaune tana ninke tufafi, ta ƙi ɗaga kai. Ni ce 'yar.

Da Larabci muka fara yi, ban yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba, amma da muka gama malama ta ce muryar mai karanta labarai ta ji, ba ta ga 'yar da ke jin nauyin uwarta ba. Sai ta tambaye ni da wane harshe nake magana da mahaifiyata, na ce da Hausa. Ta ce mu sake daga farko, ni in yi da Hausa, abokiyata ta amsa da Larabci. Da na buɗe baki na ce, "Inna, gobe zan tafi," sai na ji maƙogwarona ya toshe, na samu kaina a durƙushe ba tare da na shirya haka ba, kuka ya ƙwace mini har na kasa kai ƙarshen maganata. Ɗalibai suka yi tsit, daga baya suka tafa. Malama ta yaba, amma ta ce abu biyu sun rage: ban kammala fitowar ba, kuma tun daga farko har ƙarshe ƙasa nake kallo, 'yan kallo ba su ga fuskata ba.

Tambayata ita ce, abin da ya faru da ni wasa ne na gaske, ko kuwa damuwata ce kawai na zubar a gaban mutane? Kuma yaya zan yi da maganar kallon ido, alhali ban taɓa zuba wa mahaifiyata ido ina faɗa mata magana mai nauyi ba?

ƊanMaiurno:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi karatu a Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Khartum, wadda ta fara a matsayin cibiya a 1969, kuma na sha ganin irin wannan rana a aji, ni ma ta taɓa zo mini. Abin da ya same ki abu ne mai daraja, domin ya nuna miki inda ƙofar take, amma bai zama aiki ba tukuna. Aikin ɗan wasa ana gane shi ne da maimaituwa. Wanda ya hau dandamalin gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Sudan da ke Omdurman ba dare ɗaya zai yi ya tafi ba, zai dawo gobe da jibi ya yi abu guda a gaban sababbin mutane, kuma kuka ba ya zuwa don an kira shi.

Ki ajiye maganar hawaye, ki tambayi kanki abin da 'yar take nema a wurin uwarta. A ganina ba izini take nema ba, tunda ta riga ta yanke shawara, albarka take nema. Wanda ya zo neman albarka kuwa yana yaƙi da kukansa ne, domin ya san idan ya fashe da kuka maganar ba za ta fita ba. Da kin riƙe wannan buƙata, da kin kai ƙarshen fitowar ko da muryarki tana rawa.

UwarBiyu_Makka:
Ni ba 'yar wasa ba ce, amma na haifa kuma na aurar. 'Yata, a kan maganar ido ba ki yi kuskure ba. Babu 'yar da ta samu tarbiyya a gidan Hausawa da za ta ƙura wa uwarta ido tana cewa za ta bar ta. Sunkuyar da kai shi ne gaskiyar wannan yarinya, kuma idan malamar tana neman gaskiya, to ga ta nan ta gani. Ki yi mata bayani cikin ladabi cewa kunya a wurinmu ba tsoro ba ce, ita ma magana ce.

ƊalibinMadina:
Abin da kika yi shi ne ainihin koyarwar Stanislavski, mutumin Rasha wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898 tare da Nemirovich-Danchenko. Hanyarsa ita ce ɗan wasa ya tuno abin da ya taɓa samunsa a rayuwa, ya jawo wannan jin ya zuba shi a cikin wasan. Saboda haka ni ban ga abin damuwa ba, kin bi hanyar da manyan 'yan wasan duniya suka bi.

MalamNaRiyad:
ƊalibinMadina, maganarka tana da tushe amma tana buƙatar gyara, kuma gyaran ya shafi tambayar yarinyar nan kai tsaye. Gaskiya ne Stanislavski ya yi amfani da tuno abin da ya wuce a farkon aikinsa, amma wanda ya mayar da wannan ginshiƙin koyarwa shi ne Lee Strasberg a Amurka. Stella Adler, wadda suka yi aiki tare da Strasberg, ba ta gamsu ba, har ta sadu da Stanislavski a Faris a 1934, ta yi makonni tana karatu a wurinsa, ta dawo tana cewa shi kansa ya fi ba da ƙarfi ga halin da marubuci ya sa mutumin cikin wasa, da abin da mutumin yake yi, da ikon ɗan wasa na ƙiyasta kansa a wannan hali. Saɓanin nan bai ƙare ba har yau a tsakanin malaman wannan fanni.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne kada ƙanwarmu ta ɗauka dole sai ta tono ciwonta kowane mako kafin a ce ta iya. Sa'annan ban tabbata tunowa ta yi ba. Ba ta ce ta tuna wata rabuwa ba, ta ce harshen ne ya buɗe mata, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban.

BabaNaMisfala:
'Yata, ina yi miki fatan alheri, amma kafin komai ina so in ji ko mahaifinki ya san da wannan karatu, kuma ko ajin a haɗe yake da maza. Mu da muka tashi a Makka ba mu san ana zama a aji don koyon wasa ba. Abin da muka sani shi ne labarin tashe da iyayenmu suke ba mu, yadda yara a ƙasar Hausa suke fita cikin azumi bayan an kai goma ga wata, wannan ya fito a tsoho, wancan ya fito a malami, ana dariya ana kuma gyara hali. Ban ce abin haramun ne ba, wannan magana ta malamai ce. Amma tun da aka buɗe sinima a 2017 abubuwa suke gudu, kuma ya kamata yaranmu su shiga da idonsu a buɗe.

Sabil_84:
Baba, a gafarce ni da ɗan gyara. A watan Disamba na 2017 aka sanar da ɗage haramcin sinima a Saudiyya, amma gidan sinima na farko a Riyad aka buɗe shi a watan Afrilu na 2018. Hukumar kula da wasan kwaikwayo da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu kuwa a 2020 aka kafa ta, kuma tun daga nan azuzuwa irin wannan suka yawaita.

'YarHindawiyya:
Baba, na gode da kulawarku. Mahaifina ya sani, shi ne ma yake kai ni ya kuma ɗauko ni, kuma rukuninmu mata ne zalla. MalamNaRiyad, kun faɗi daidai, ban tuna wata rabuwa ba, domin ban taɓa barin gida ba. Kalmar "Inna" ce kawai da ta fito daga bakina a wurin da ban taɓa furta ta ba.

Sabil_84:
Ni kuwa zan faɗi abin da mai yiwuwa ba zai yi daɗin ji ba. 'Yar'uwa, idan kina son wannan ya zama sana'arki a ƙasar nan, da Larabci za a ɗauke ki aiki, ba da Hausa ba. Na yi shekara biyu ina zuwa gwajin ɗaukar 'yan wasa, kuma na ga yadda mai irin launinmu yake shan wahala kafin a ba shi matsayin likita ko malami ko uban gida, an fi saurin tuna shi idan ana neman direba ko mai aikin gida. Idan kika bari ajin ya san ki a matsayin wadda ba ta motsuwa sai da harshen gida, kin ƙara wa kanki katanga da hannunki. An haife ki a Jidda, Larabcin Hijaz naki ne kamar yadda yake na kowa. Ki nemi yadda za ki ce "ummi" zuciyarki ta motsa, wannan shi ne aikin da ke gabanki.

UwarBiyu_Makka:
Sabil_84, ɗana, ban ƙi maganarka ta sana'a ba, amma ban yarda a kira harshen uwa katanga ba. Yarinyar nan ta yi wata uku tana magana babu wanda ya ji ta, sai ranar da ta yi Hausa. Wannan kuwa ai gada ce ta samu.

'YarGadarif:
Ina so in dawo da mu kan maganar ƊalibinMadina, domin na ga inda take kaiwa idan ba a yi hattara ba. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantu da yawa a nan Gadarif da ke gabashin Sudan sun zama matsugunin waɗanda suka gudo, kuma na kasance cikin matasan da suke shirya gajerun wasanni da yara da mata a irin waɗannan wurare. Mun yi amfani da hanyar Augusto Boal na Burazil, inda ake nuna matsala a tsaya a tsakiya, a ce wani daga cikin 'yan kallo ya taso ya karɓi matsayin ya gwada tasa mafitar.

Wata rana mai jagorantar gwajin ya ce wa wata budurwa ta tuna ranar da suka bar gidansu don ta samu jin da ake buƙata. Ta tuna, kuma ta yi abin da ya sa kowa kuka, amma ta yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba, kuma ba ta sake dawowa ba. Tun daga ranar muka daina tambayar kowa abin da ya same shi. Muka koma cewa: ga wata mata, ga buhunta, ga motar da za ta tashi, wurin mutum ɗaya ya rage, ita kuwa tana da yara biyu, me za ta yi? Wasan bai ragu da komai ba, kuma mutane suna iya tashi su sha shayi bayan an gama.

Ƙanwata 'YarHindawiyya, ki lura da kanki. Idan kin fita daga aji kin samu barci, to babu laifi. Idan kuwa fitowar ta bi ki har gida tana hana ki sukuni, ki gaya wa malamarki, haƙƙinki ne.

ƊalibinMadina:
Na karɓi gyaran MalamNaRiyad, kuma labarin 'YarGadarif ya sa na sake tunani. Sai dai har yanzu ina ganin ɗan wasa ba shi da wata rijiya da zai ɗebo ruwa sai rayuwarsa. Ko da ƙiyasi ya yi, da abin da ya sani yake ƙiyastawa.

ƊanMaiurno:
Akwai tambayar da babu wanda ya yi, har da ni. Ƙanwata, me abokiyar wasanki ta yi a lokacin da kike magana da Hausa? Mun yi ta magana kamar ke kaɗai ce a fitowar.

'YarHindawiyya:
Yaya, sai da kuka tambaya na tsaya na tuna. A duk gwajin da muka yi a baya, tana ninke tufafin ne tana jiran kalmata ta ƙarshe don ta faɗi nata. A wannan karon ba ta san inda maganata za ta ƙare ba, tunda ba ta jin Hausa, sai ta daina ninkewa, ta riƙe wata riga a hannu tana saurarena. Duk da kaina yana ƙasa ina ganin hannunta ya tsaya. Ina jin tsayawar hannun nan ce ta karya mini zuciya fiye da komai.

ƊanMaiurno:
To, wannan ya sauya mini fahimta. Ashe ba harshen kaɗai ba ne, saurare ne ya shigo tsakaninku a karon farko. Sanford Meisner, wanda ya daɗe yana koyarwa a New York, ya gina darasinsa a kan wannan, har yakan sa ɗalibai biyu su zauna suna maimaita jimla guda a tsakaninsu, don kowa ya cire hankalinsa daga kansa ya ɗora a kan ɗan'uwansa. Malamarki ta cire wa abokiyarki abin dogaro, dole ta saurara da gaske, ke kuma kika ji ana saurarenki. Wannan labari ne mai daɗi ga Sabil_84 ma, domin saurare ba shi da harshe, ana iya samunsa da Larabci. Ku gwada wannan: ku yi fitowar da Larabci, amma kada ta amsa sai ta ji a ranta cewa kin gama, ke kuma ki riƙa sauya wuraren da kike numfasawa don kada ta haddace su.

MaiHaskeJidda:
Ni aikina saita fitilu ne a dandamali, don haka zan yi magana a kan ido kawai. Hajiya UwarBiyu tana da gaskiya, malamar ma tana da gaskiya, domin wanda ke zaune a layin baya idan ɗan wasa ya sunkuya tsakiyar kansa kawai yake gani, kuma muryar ma ƙasa take tafiya. Ana warware wannan da wurin zama. A zaunar da uwar a gaban dandamali kusa da 'yan kallo, a kan kujera, ke ki durƙusa a bayanta kaɗan ta gefe, ki sa idonki a kan rigar da ke hannunta. Ba ki kalli idonta ba, amma fuskarki tana fuskantar mutane kuma haske yana samunta. Idan kuma kika zaɓi wuri guda tak a duk fitowar da za ki ɗaga ido ki dube ta, ko Balaraben da bai san al'adarmu ba zai gane cewa wani babban abu ya faru. A gaban kyamara lamarin ya fi sauƙi, tunda ana iya sauke ta ƙasa ta ɗauki fuskar daga inda take.

BabaNaMisfala:
Tunda mahaifinki yana tsaye a kan lamarin, hankalina ya kwanta. Allah ya yi miki albarka. Shawarar mai fitilu ta yi mini, amma ni da za a bi tawa, ko sau ɗayan ma kada ta ɗaga.

'YarHindawiyya:
Na dawo da bayani. Daren Alhamis mun yi gwaji sau uku a gidan abokiyata. Na farko da Hausa, kuka bai zo ba, na ji tsoro ƙwarai kamar abin ya tafi ke nan. Na biyu da na uku da Larabci, bisa shawarar Yaya ƊanMaiurno da tsarin zaman da MaiHaskeJidda ya bayar. Na kai ƙarshe duka biyun, muryata ta yi rawa a wuri guda, kuma abokiyata ta ce wannan ya fi taɓa ta fiye da na ranar Talata. Ni kuwa a cikina ban ji ko rabin abin da na ji a ranar ba, kuma wannan yana damuna, domin ban san wanne zan gaskata ba, abin da na ji ko abin da ta gani.

Akwai kuma wani abu. Na karanta wa mahaifiyata fitowar, na fassara mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wannan yarinya ba a gidanmu ta tashi ba, domin da a gidanmu ne ba za ta zo da bakinta ta ce gobe za ta tafi ba, gwaggonta za ta aika tun mako guda kafin nan, ranar kuwa sallama kawai za ta zo yi, kowa ya san maganar amma babu mai furta ta.

UwarBiyu_Makka:
Mahaifiyarki ta faɗi abin da ya kuɓuce mana duka. Haka ake yi, kuma uwar za ta yi ta maganar guzuri da sanyin garin da za a je, ba za ta ambaci rabuwar ba ko sau ɗaya.

Sabil_84:
Wannan gaskiya ne, amma marubucin ba 'yar Hausawa ya rubuta ba, kuma ɗan wasa yana bin rubutun da aka ba shi. Idan yarinyar cikin wasan mai faɗa wa uwarta magana kai tsaye ce, to aikin 'yar'uwarmu shi ne ta zama wannan yarinya, ko da ba haka aka rene ta ba. Durƙuson ma ina da shakka a kansa idan da Larabci za a yi.

MalamNaRiyad:
Sabil_84, rubutun ya ce uwa da 'ya, bai ce daga wace unguwa suke ba, kuma Jidda cike take da gidajen da ake Larabci a falo ana durƙusa wa uwa a ɗaki. Game da damuwarki kuwa ƙanwata, abin da kike ji a ciki da abin da ke isa ga mai kallo ba koyaushe suke tafiya tare ba, shi ya sa ake buƙatar malami ya zauna a waje yana kallo. Ki kai wa malamarki dukkan sigogin biyu ranar Talata, ki bar ta ta gani.

'YarGadarif:
Ni abin da mahaifiyarki ta faɗa ne bai bar ni ba. Ki rubuta wannan fitowar da kanki, ta sallamar da babu mai furta maganar, shafi biyu sun isa. Idan kin rubuta ki turo mini, akwai 'yan mata biyu a rukuninmu, ɗaya daga Wad Madani ta zo, dukansu suna jin Hausa, zan so in ga yadda za su yi da ita.

'YarHindawiyya:
Zan gwada rubutawa, Yaya, amma sai bayan Talata. Ranar zan yi da Larabci, zan durƙusa, kuma har yanzu ban yanke ba ko zan ɗaga ido a jimlar ƙarshe. MaiHaskeJidda, ajinmu ba shi da dandamali, fili ne kawai da kujeru a zagaye ta ɓangare uku. A irin wannan wuri ta wane gefen uwar ya kamata in durƙusa?